Yadda Ake Shirya Makon Ista a Ikilisiya, Daga Lahadin Dabino Zuwa Litinin ɗin Galili

Idan dattawan ikilisiya sun ɗora maka shirin Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, karo na farko, fara da sanin iyakar aikinka. Wa'azi, Jibin Ubangiji da baftisma na Fasto ne. Naka shi ne duk abin da zai sa jama'a su iya zama su saurara: inuwa, ruwan sha, lasifikar da ba ta kuwwa, kiyaye lokaci, tsaro, da sanin wa zai yi me. Bayanin nan ya fi dacewa da ikilisiyar sashen Hausa mai mutum 200 zuwa 400, irin waɗanda ake samu a ɗarikun ECWA, COCIN, HEKAN ko EYN. 'Yan Katolika da Angilikan suna da rubutaccen tsarin sujada da limaminsu yake bi, amma ta fuskar zafi da kuɗi da jama'a, damuwarmu ɗaya ce.

Hidimar ta kwana tara ce, daga Lahadin Dabino zuwa Litinin, kuma ranar da ta fi kowace girma tana zuwa ne dab da ƙarshe, lokacin da muryar mawaƙa ta dushe, matasa sun jigata, man janareta ya ƙare. Don haka ana tsara shirin ne daga asubahin Lahadin Ista a dawo baya. Duk abin da zai cinye ƙarfin wannan safiya, a rage shi.

Kayan da za ka tanada

- Littafin rubutu ɗaya mai kauri na kwamiti. Komai a cikinsa: sunaye, kuɗi, kayan aro.
- Littafi Mai Tsarki na kan bagade da littattafan waƙoƙi.
- Ganyen dabino ko madadinsa.
- Kayan Jibi: faranti, ƙananan kofuna, farin ƙyalle, burodi da abin sha. Idan kuna wankin ƙafa, a haɗa da daro, buta da tawul.
- Lasifika, makirfo biyu, sababbin batura, janareta da mansa, wayar jona wuta, tocila da fitilun caji.
- Rumfuna, kujeru ko bencina, da tabarmi na yara.
- Ruwan sha. Jakar fiya-wata leda 20 ce. Ka yi lissafin leda biyu ga kowane mutum a kowace doguwar sujada. Idan kuɗi bai kai ba, randuna biyu ko uku a inuwa da kofuna masu yawa sun wadatar.
- Akwatin taimakon gaggawa, da sukari da gishiri.
- Gicciyen katako, igiya da zannuwa, idan za a yi wasan kwaikwayo.
- Tukwane, itace ko gawayi, da kayan abinci.

1. Tabbatar da ranar, ka ƙirga baya

Ista ba ta da tsayayyen kwanan wata kamar Kirsimeti. Ƙa'idar da aka gada tun zamanin taron Nikiya na shekara ta 325 ita ce: Lahadin farko bayan wata ya cika, daga 21 ga Maris zuwa sama. Shi ya sa ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. Ta 2025 ta kama 20 ga Afrilu, ta 2026 kuwa 5 ga Afrilu, ta 2027 28 ga Maris, ta 2028 16 ga Afrilu. Kada ka dogara da duban wata da idonka, lissafin ikilisiya yana da nasa jadawali. Idan kuma ka duba a intanet ka ga ranaku biyu, ɗayar ta 'yan Otodoks ce irin na Habasha da Masar.

Laraba ta Toka, ranar da wasu ɗariku suke fara azumin kafin Ista, tana zuwa kwana 46 kafin Ista. Ko ɗarikarku ba ta kiyaye ta, ka ɗauke ta alamar fara aiki. Mako shida ke nan, kuma ba su yi yawa ba.

2. Kafa kwamiti ƙarami, ka raba aiki da suna

Mutum bakwai zuwa tara sun isa: wakili ɗaya daga dattawa, Zumuntar Mata, matasa, mawaƙa, Sabon Rai (ƙungiyar masu yaɗa bishara), malaman Makarantar Lahadi, 'yan Birged (ƙungiyar matasa masu yunifom da fareti), sai ma'aji. Kwamitin da ya kai mutum 20 zama ɗaya yake yi ya watse.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne rubuta aiki da sunan ƙungiya. In ka rubuta "matasa za su kafa rumfa", ranar kafawa kowa zai ce ya ɗauka wani ne. Rubuta sunan mutum ɗaya, da ranar, da sa'a. Shi ya nemo mataimakansa. Kada kuma mutum ɗaya ya riƙe manyan ayyuka biyu a jere: wanda ya yi Yesu a wasan Juma'a kada ya zama shi ne mai kwasar kujeru daren Asabar.

Kafin zaman farko, je ka gai da wanda ya riƙe aikin bara, ka zauna da shi. Da tsohuwar zuma ake magani. Shi ya san mai rumfar da ke cika alkawari da wanda ke karɓar kafin alƙalami a wuri uku.

3. Kuɗi

A rubuta kasafi a kai wa dattawa su amince kafin a sanar da komai a majami'a. Tsarin fifiko a wurina shi ne: ruwa, man janareta, kayan Jibi, rumfa, sannan abinci, ado a can ƙarshe. Na sha ganin an kashe kuɗi a labule da balan-balan, ranar Juma'a kuma tsofaffi suna neman ruwa.

Baiko na musamman a Lahadi biyu ko uku ya fi a yanka wa kowa kuɗi. A ƙauye a karɓi hatsi, itace, manja ko kaza a rubuta su kamar yadda ake rubuta kuɗi. Ka sayi abin da ba ya lalacewa mako biyu kafin lokaci, domin farashin shinkafa, kaji da kuɗin mota yakan hau a makon bikin. Mutum biyu su riƙa ƙirga kuɗi tare, su sa hannu tare.

4. Jadawalin sujada, masu karatu da waƙa

Zauna da Fasto ku fitar da jadawalin kwana taran a takarda ɗaya, kowace sujada da lokacin farawa da na tashi. A manna a ƙofar majami'a, a tura a zauren WhatsApp na ikilisiya, a kuma karanta da baki saboda waɗanda ba sa karatu.

Ku tsai da fassara ɗaya. Har yanzu akwai tsofaffin da ke riƙe da fassarar 1932 mai cewa Matta da Yohanna, yayin da ta 1979 take cewa Matiyu da Yahaya. Idan mai karatu ya kira wani suna, takardar sanarwa ta nuna wani, sababbin tuba sukan ruɗe. A nan na bi ta 1979.

Ba wa masu karatu nassinsu mako guda tun da wuri, su karanta maka da ƙarfi a cikin majami'a da makirfo. Sunaye irin su Getsamani, Golgota, Arimatiya da Saminu Bakurane su ne inda harshe ke sarƙewa. Mawaƙa kuwa a ƙayyade musu: ƙungiya ɗaya, waƙa ɗaya a kowace sujada. Za su yi ƙorafi. Ka tsaya a kan bakanka da fara'a, domin kwaya, Zumuntar Mata, Sabon Rai da matasa in kowa ya yi uku, waƙa 12 ke nan kafin Fasto ya buɗe baki.

5. Tsaro da maƙwabta

Tun bayan bam ɗin da ya tashi a Kaduna ranar Lahadin Ista ta 2012, ba mai ɗaukar wannan sashe da wasa. Mako biyu kafin lokaci a kai wa DPO, shugaban 'yan sandan yankinku, wasiƙa mai ɗauke da ranaku, lokuta da hanyar da za a bi idan akwai zagaye. A riƙe kwafi mai hatimi. A gai da mai unguwa ko dagaci a shaida masa. Motoci da babura a ajiye su nesa da ginin, ƙofar shiga ɗaya, amma dukan ƙofofin fita a cire musu kwaɗo. 'Yan Birged da masu tsaron ƙofa su yi karɓa-karɓa don su ma su sami sujada.

Abubuwa biyu sababbin shiga suke mantawa. Na ɗaya, Juma'a Mai Kyau ranar Juma'a ce: daga wajen ƙarfe 1 zuwa 2:30 hanyoyin da ke kusa da masallacin Juma'a a cike suke, wasu ma a rufe. Kada ka tsara zagayen gicciye ta nan a wannan lokaci. Na biyu, sujadar asubahi tana kusa da lokacin sallar asuba. A juya lasifika ta fuskanci jama'arku, a rage ƙara har gari ya waye. Maƙwabcin da ka gaya wa tun da wuri ba ya zama abokin rigima.

Idan reshen Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, na yankinku yana shirya taron haɗin gwiwa, nemi lokacinsa tun yanzu kada ya ci karo da naku.

6. Lahadin Dabino

Nassin ranar Matiyu 21:1-11 ne ko Yahaya 12:12-19; na Yahaya ne ya ambaci dabino da suna. A yanko ganye da yammacin Asabar, a yayyafa masa ruwa, a rufe da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Wanda aka yanka tun Alhamis, a zafin bazara, zai bushe ya murɗe.

Reshen dabino yana da ƙayoyi masu tsini a gindinsa. A sa manya su fiƙe su da wuƙa kafin ya shiga hannun yara, a kuma tsaga manyan rassa gida-gida don ya ishi kowa. A kudancin Kaduna, Filato da Taraba ganyen kwakwar manja ko na tukurwa ya fi sauƙin samu. Can arewa, inda babu dabino a kusa, kaba ko ganyen giginya yana yi. In duk babu, rassan darbejiya ma sun isa, domin Matiyu rassan itatuwa kawai ya ce. A nemi izinin mai itacen, kada a aske masa shi tas.

Zagaye kada ya wuce minti 30. Yara a gaba, tsofaffi su jira a majami'a ko su shiga daga kwanar ƙarshe. Wasu suna ɗora yaro a kan jaki. In za ku yi, mai jakin ya riƙe igiyarsa da kansa, kuma masu ganga su yi nesa da shi.

7. Litinin zuwa Alhamis

Addu'ar yamma ta awa ɗaya a ranakun Litinin, Talata da Laraba ta wadatar. Kada a mai da su taron farkawa mai kai wa dare.

Alhamis ce ranar Jibin Ubangiji a ikilisiyoyi da yawa, wasu kuma suna kai shi Juma'a ko Lahadi. Nassi 1 Korantiyawa 11:23-26, wankin ƙafa kuwa Yahaya 13:1-17. Tambayi sakataren ikilisiya yawan masu cin Jibi, ka ƙara kashi ɗaya cikin huɗu saboda baƙi da 'yan makaranta da suka dawo hutu. A wanke kofuna da ruwan zafi da safe a kife su. Burodi a yanka shi awa ɗaya kafin sujada a rufe, in ba haka ba iska za ta busar da shi ya zama garin burodi a faranti. Idan babu burodi a garin, fulawa da ruwa da ɗan gishiri a gasa a kasko.

Abin sha ya danganta da ƙa'idar ɗarikarku, saboda haka Fasto ne zai yanke. Inda aka yarda da zoɓo a madadin ruwan inabi, a dafa shi a ranar, a tace sosai, kada a sa citta ko kanumfari. Zoɓon da ya kwana a wannan yanayi yakan yi tsami.

A wannan rana ce ya kamata a fitar da sunayen marasa lafiya da tsofaffin da ba sa iya fitowa, Fasto da dattijo ɗaya su kai musu Jibi gida.

8. Juma'a Mai Kyau

A nan aiki ya fi nauyi. Ranar hutu ce a Najeriya, don haka majami'a takan cika.

Batun lokaci tukuna. Markus 15:33 ya nuna duhu ya rufe ƙasa daga tsakar rana zuwa ƙarfe 3, shi ya sa wasu suke yin sujadar daga 12 zuwa 3. Ma'anar tana da kyau, amma a Kano, Sakkwato ko Maiduguri zafi yakan kai digiri 40 a wannan lokaci, ga rufin kwano, ga mutane da yawa suna azumi. Ni na fi son a fara ƙarfe 8 na safe a tashi kafin 11, sannan wanda yake so ya dawo ƙarfe 3 a yi gajeriyar addu'a. Idan dattawa sun nace a kan tsakar rana, a buɗe dukan tagogi, a ƙara rumfa a waje, a ajiye ruwa a kowace ƙofa, kuma Fasto ya faɗa da bakinsa cewa mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon sukari da tsoho su sha ruwa ba laifi. In ba shi ya faɗa ba, ba za su sha ba.

Maganganu bakwai na kan gicciye su ne ƙashin bayan sujadar. Ga jerinsu: Luka 23:34, Luka 23:43, Yahaya 19:26-27, Matiyu 27:46, Yahaya 19:28, Yahaya 19:30, sai Luka 23:46. A buɗe da Ishaya 53 ko Zabura 22. A raba wa mutum bakwai, a sa mace da matashi a ciki, kowa minti bakwai, a bi shi da baiti biyu na waƙa da ɗan shiru. Duka bai kamata ya wuce awa ɗaya da rabi ba. Abin da ke ɓata shi, kowane mai magana yakan fara da gaisuwa ga Baba Fasto da Mama da dattawa, ya sake ba da labarin kamun Yesu tun daga Getsamani, sannan ya shiga maganar wanda zai biyo shi. Ka tara su ranar Laraba ka gaya musu: gaisuwa shugaban sujada zai yi sau ɗaya a madadin kowa, kai ayarka kawai. A zaunar da mai agogo a bencin gaba da ƙaramin kati, ya ɗaga idan saura minti ɗaya. Idan mai maganar dattijo ne da ba a iya ɗaga masa kati, a sa shi na bakwai.

Idan ba ku da mutum bakwai, mutum uku su raba, ko a karanta Yahaya sura 18 da 19 da muryoyi daban-daban: mai ba da labari, Yesu, Bilatus, Bitrus, jama'a kuma su amsa a matsayin taro. Wannan ba ya bukatar ko sisi, kuma yakan ratsa mutane fiye da dogon wa'azi.

Wasan kwaikwayo na matasa yana da nasa haɗari. A yi gicciyen da katako marar nauyi, a kafa masa matakin da ƙafa za ta taka, a haƙa rami mai zurfin gwiwa a gwada shi ranar Alhamis da mutum a kai. Hannu a ɗaure shi sakwa-sakwa da ƙyalle, mai wasan ya riƙe igiya da kansa, kada ya wuce minti biyar a sama. Bulala ta tsumma ce, kambin ƙaya na igiya ne, jini kuwa zoɓo mai kauri. Wanda zai yi Yesu ya ci abinci ya sha ruwa. Ka kuma ja kunnen masu yin soja da Yahuza: da zarar sun ga yara suna dariya sai su ƙara gishiri, kafin ka ankara wasan ya koma barkwanci. Minti 25 ya ishe su.

Idan wani ya yanke jiki ya faɗi, a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa masa jiki a yi masa fifita. In ya farfaɗo a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda bai dawo hayyacinsa ba kada a ɗura masa komai, a wuce asibiti. Lokacin sanƙarau ne kuma. Zazzaɓi mai zafi da sanƙarewar wuya ba abin jira ba ne. Mota ɗaya ta kasance a shirye da direbanta.

A tashi shiru, ba kiɗa, ba doguwar sanarwa.

9. Asabar

Ranar aiki ce da hutawa. Da safe a share majami'a, a yi ado, a yanka dabba, a soya nama. Idan kuna da niyyar aika wa maƙwabta Musulmi abinci, a kira mahauci Musulmi ya yi yankan, a kuma gaya musu haka lokacin da aka kai.

In akwai baftisma, je ka duba ruwan da idonka ranar Juma'a da yamma. A bazara rafuka da yawa sun ƙafe, abin da ya rage kududdufi ne mai laka da fasassun kwalabe. Kwarmin baftisma na siminti ko babban tankin da aka cika ya fi. A kafa wurin sauya tufafi na mata daban, matan zumunta biyu su tsaya da zannuwa.

Gwajin waƙa na ƙarshe a gama shi kafin ƙarfe 6 na yamma. Ban goyi bayan kwanan addu'a a wannan dare ba ga ikilisiyar da za ta fito da asuba, sai dai in tsarin ɗarikarku ne, kamar yadda 'yan Katolika suke sujadar daren Ista. A cika janareta, a tayar da shi a ji, a yi cajin fitilu, a ɗora kujeru a mota.

10. Sujadar asubahi

Dalilinta a bayyane yake a Markus 16:1-8 da Yahaya 20:1-18: mata ne suka yi sammako zuwa kabari tun da sauran duhu. Saboda haka wannan sujada ta fi kyau a hannun Zumuntar Mata, su yi karatu, su ja waƙa da tulunsu da cakinsu, Fasto ya yi gajeren wa'azi.

A yankin Kano, Kaduna da Jos rana tana fitowa tsakanin 6:10 da 6:30 a wannan lokaci na shekara, a Maiduguri kuwa takan riga da kusan minti 20. Ka fara kimanin minti 45 kafin fitowarta, yadda za a soma da tocila a ƙare da hasken rana. In ka fara ƙarfe 4:30 za a gama cikin duhu, mutane su koma barci su makara babbar sujada.

Wuri: fili, gindin dutse ko harabar majami'a. Je ka gan shi ranar Asabar da rana, a share, a kawar da duwatsu da tarin ciyawa, domin da zafi kunama da maciji suna fitowa da dare. A jera kujeru suna fuskantar gabas. Masu tocila su tsaya a kan hanya, a kuma tura babur ko mota ta ɗauko tsofaffi. Wasu ikilisiyoyi suna yin siffar kabari da kara da zane, da "dutse" na kwali da aka mirgine gefe, da farin ƙyalle a naɗe a ciki. Yara ba sa manta wannan.

Tsarin da na saba bi, na minti 50: a taru shiru, mace ɗaya ta karanta nassi da tocila, shugaba ya ɗaga murya ya ce "Almasihu ya tashi!" jama'a su amsa "Hakika ya tashi!" sau uku, daga nan ne kiɗa da guɗa suke ɓarkewa, wa'azin minti 12, addu'a, gaisuwa. Ka hana masu ganga taɓa ta kafin wannan shela. Duk armashin yana cikin shirun da ya gabace ta.

Ba lallai a kai janareta ba, ƙaramar lasifika mai batir ta isa. Idan akwai dokar hana fita ko garin ba lafiya, a yi ta a cikin harabar majami'a bayan gari ya waye, ko kowace unguwa ta taru a gidan dattijo ɗaya. A Filato da kudancin Kaduna ruwan farko yana iya sauka a Afrilu, saboda haka a bar majami'a a buɗe a shirye. Idan hali ya yi, a raba kunu ko koko da ƙosai kafin a watse.

11. Babbar sujada da abinci

A bar awa biyu tsakani, a fara ƙarfe 9. Nassi 1 Korantiyawa 15 ko Luka 24. Ka ƙara kujeru da rabin yawan na kullum. Za ka ga fuskokin da rabonka da su tun Kirsimeti. A ja kunnen mai sanarwa kada ya yi musu habaici daga bagade. A rubuta sunayen baƙi da unguwanninsu a ƙofa. Baiko a haɗe shi zagaye ɗaya ko biyu, domin rawar baiko ita ce ke cinye awa guda ba a sani ba.

Buhun shinkafa mai kilo 50 yana ciyar da mutum 300 zuwa 330 idan hannu ɗaya ne yake rabo. Dafa-duka a ɗora ta da safiyar ranar, wadda ta kwana takan lalace kafin azahar. A raba masu girki kashi biyu, waɗanda suka je sujadar asubahi su karɓi murhu, sauran su shiga ta ƙarfe 9, kada a ce matan da suka fi kowa wahala su ne ba su ji wa'azin Ista ba. Kafin a fara rabo a ware na marasa lafiya, gwauraye, masu gudun hijira da maƙwabta, a rufe a ba masu kaiwa. In an bari sai ƙarshe, ƙanzo za a kai musu. Sannan yara a zaune a tabarma layi-layi, tsofaffi da baƙi, kwamiti a ƙarshe.

Idan babu kuɗin girkin taro, kowane gida ya zo da kwano ɗaya a haɗa a ci tare.

12. Litinin ɗin Galili

Sunan ya fito ne daga Matiyu 28:7-10, inda aka ce wa almajirai su tafi Galili su gan shi. Fita ce ta shaƙatawa, da waƙa, wasanni da kacici-kacicin Littafi Mai Tsarki. Ranar hutu ce a Najeriya da Nijar. A zaɓi wuri mai inuwa, a nemi izini, a fita da wuri a dawo kafin ƙarfe 4. Kowace mota da jerin sunayen yaran da ta ɗauka da babba ɗaya mai ƙirga su a tafiya da dawowa. In akwai dam ko kogi kusa, doka ɗaya ce: ba mai shiga ruwa, kuma a tsayar da mutum biyu a bakinsa. A kwashe leda kafin a tashi. Inda hanya ba ta da aminci, a yi Galilin a filin makaranta ko harabar majami'a.

13. Rufe aiki

Ranar Talata a mayar da kayan aro da na haya, a ƙirga kujeru a gaban mai su, abin da ya karye a biya. Cikin mako guda kwamiti ya zauna, ma'aji ya kawo rasit, a rubuta a littafin yawan mutanen da suka zo kowace sujada, ruwa da mai da shinkafar da aka yi amfani da su, da abin da ya gaza. A karanta rahoton kuɗi a gaban ikilisiya Lahadi mai zuwa, a gode wa masu aiki ƙungiya-ƙungiya. Sunayen baƙi da na waɗanda aka yi wa baftisma a miƙa su ga Fasto da 'yan Sabon Rai, a raba su unguwa-unguwa, a ziyarce su kafin mako biyu su wuce.